Gumin Bangon Bu Ponirah

Bu Ponirah ta goge bangon nan har tsumma ya yage. Ta goge da safe, ta goge da hantsi, kafin azahar ya sake jiƙewa sharaf, daidai inda bututun gas ya ɓullo daga bango ya gangaro zuwa murhu. Ruwan sai ya fito ɗigo-ɗigo, ya taru, ya ziraro ta bayan kantar kwanuka. Fenti ya kumbura, kusurwar ta fara baƙi da funfuna.

"Kai kuma me aka yi maka?" ta ce da bangon, tana matse tsumma. "Tun ina amarya nake girki a gabanka, ba ka taɓa yi mini haka ba, sai yanzu da tsufana?"

Da abin ya tsaya tsakaninta da bango, da sauƙi. Amma tana da 'ya, Tutik, ita kaɗai Allah ya ba ta, tana aiki can Jakarta, kuma ba ta kiran waya sai na bidiyo. Rannan Bu Ponirah ta jingina wayar da kwalbar mai, tana soya tempe, wato wainar waken soya, suna hira, sai yarinyar, da ke kiran uwarta Ibu, ta ƙura ido.

"Ibu, mene ne wancan a bayanki?"

"Bango ne, Nduk, 'yata."

"Na san bango ne! Me ya sa yake ƙyalli? Matso da wayar. Innalillahi! A jikin bututun gas ne fa! Kashe wutar nan, Ibu, kashe yanzu!"

"Tempen nawa fa?"

"Ibu!"

Tempen bai gama hucewa ba sai ga mai unguwa, Pak Marsudi, ya yi sallama yana haki, da ƙaramin kwaɗo a hannu. Ashe Tutik ce ta kira shi. Ya durƙusa gaban mitar gas da ke bakin ƙofa, ya murɗe makunnin, ya datse da kwaɗon, ya jefa makulli a aljihu, duk bai yarda sun haɗa ido ba.

"Ki yi haƙuri, Bu. Umarni ne daga sama."

"Daga sama? To ni na haifi saman, Pak."

Ya yi 'yar dariyar yaƙe ya sulale. Da yamma Tutik ta sake kira, ta yanke hukunci: ƙarshen wata za ta zo gida Surabaya. In ta tarar bangon ya bushe, a buɗe gas. In bai bushe ba, Ibu ta haɗa kayanta su koma Jakarta tare, magana ta ƙare.

Bu Ponirah ta san Jakartan nan. Ta taɓa zuwa. Gida ne can ƙololuwar bene, taga ba ta buɗuwa, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Murhun ma na lantarki ne, wani baƙin gilashi da ba ka ganin wuta a jikinsa, kuma duk sanda ta miƙa hannu sai mai aiki ta zaburo ta ce, "Zauna, Bu, huta." Ta huta har gwiwoyinta suka riƙe. A ce can za ta ƙare kwanakinta, saboda bango ya yi gumi? Ina dalili!

Aka shiga neman magani. Mutumin kamfanin gas ya zo, ya shafa kumfar sabulu a kowace gaɓa ta bututun, ya bi shi da wata 'yar na'ura mai sunsuna, ya ce ko ƙwayar iska ba ta fita. Bu Ponirah ta sa shi ya maimaita a gaban waya. Tutik ta ce, "Haka suke cewa kullum. To in ba gas ba ne, me ya sa sai a nan wurin?" Mutumin ya sosa ƙeya, ya ce shi dai gas aka koya masa, ba bango ba.

Mai gyaran famfo ya zo ya rantse bututun ruwa ne ya fashe a ciki. Bu Ponirah ta ce masa babu bututun ruwa a bangon nan, a gabanta aka gina shi. Bai ji ba, ya ɗauko guduma ya fasa ƙasan wurin, ya tarar da bulo busasshe ƙarau. Ya ce, "Ikon Allah," ya sha shayinsa, ya tafi ya bar mata rami. Wani kuma ya hau rufi ya fasa tayil mai lafiya wajen neman maras lafiya. Shi kuwa bangon ko a jikinsa. Gas a datse, murhu a mace, amma gumi sai abin da ya ƙaru. Bu Ponirah ta nuna wa Tutik haka, ta ce ai ga shaida nan ba gas ba ne. Tutik ta ce to abin ma ya fi muni ke nan, tunda ba a san mene ne ba.

Maƙwabciyarta Bu Wagiyem, mai yin kek da alewar madara ta sayarwa, ta zo ta tsaya ta ƙura wa bangon ido, ta rage murya.

"Bu, anya ba marigayi mijinki Pak Karmin ba ne yake neman addu'a?"

"Mutumin da yana raye ko cokali bai taɓa shigowa ɗauka a kicin ɗin nan ba, sai ya mutu zai zo ya tare a ciki? Haba, Bu Wagiyem!"

Abin da ya fi ci mata rai shi ne kwanuka. Tunda aka ji ba ta da wuta, gida-gida ake aiko mata da abinci, kuma a unguwar nan ba a mayar da kwano wayam. Ita da ake yi wa layi in ta dafa rawon, baƙar miyar nama, yau ita ce take sayen ayaba tana sawa a kwanon mutane don kar ta ji kunya. Miyar Bu Wagiyem kuwa sukari ne zalla, sai ka ce shayi aka zuba wa kabewa. Haka take haɗiyewa ta ce, "Kai, hannunki da albarka," takaici kamar ya kashe ta.

To, akwai wani abu a gidan da Bu Ponirah ba ta gaya wa kowa daga cikin masu gyaran ba, don ba ta ga abin da ya haɗa shi da bango ba. Bayan bangon nan ɗakin kwananta ne. Bara, da zafi ya yi tsanani, Tutik ta turo mutane suka kafa mata injin sanyaya ɗaki, da sabuwar katifa. Injin irin na zamani ne, daga Jakarta Tutik take kunna shi da wayarta, ta kai shi ƙarshen sanyi, wai zafi ba ya jituwa da hawan jini. Bu Ponirah ta kwana ɗaya a ciki ta tashi wuya a sanƙare, ciki a kumbure, sanyi ya shige ta ko'ina. Sai da Bu Wagiyem ta shafa mata man zafi ta kankare mata baya da kwandala, bayan ya yi jajayen layuka, sannan ta samu ta yi gyatsa. Washegari ta zare wayar injin daga bango. Ba ta ko zauna ba kira ya shigo.

"Ibu, lafiya? Na ga injin ya mutu. Ko ba kya son shi ne?"

Me za ta ce? Yarinya ta yi wahala ta saya. Mutum ya kawo maka kyauta ka dube shi ka ce ba ka so? Ba haka aka rene ta ba. Ta ce, "Ina so mana, Nduk, daɗi kamar me. Shara nake na taɓa shi." Ta mayar da wayar injin, ta ja ƙofar ɗakin ta rufe, ta shimfiɗa tabarma a falo gaban fanka. Tun ranar a nan take kwana, injin kuma yana ta aikinsa dare da rana a ɗakin da ba kowa. Da Bu Wagiyem ta gano haka, sai ta roƙi alfarma ta riƙa ajiye farantan kek ɗinta a kan gadon. Daga baya matar mai unguwa ma ta kawo ganyayenta.

Ana sauran 'yan kwanaki Tutik ta zo, aka tafka ruwa da iska, wuta ta ɗauke a unguwar tun da safe. Bu Wagiyem ta shigo a guje tana salati ta kwashe farantanta. Tutik ta ga injin ya mutu ta kira, aka ce mata wuta aka ɗauke, ta yarda. Da la'asar Bu Ponirah ta ɗauki tsumma ta nufi kicin kamar kullum, sai ta tsaya. Bango a bushe. Ta shafa, ta sake shafawa. Ƙarau! Ta fara hamdala ke nan wuta ta dawo, injin ya ɗauki gurnani a ɗaki. Kafin magariba ɗigon farko ya fito a jikin bututu.

Ta ɗora tafin hannu a wurin. Sanyi ƙalau, kamar jikin kofin shayi mai ƙanƙara. Ta matsa gefe ta taɓa, ɗumi. Ta dawo ta taɓa, sanyi. Sai ta lulluɓa da tawul ta tura ƙofar ɗakin ta ɗaga kai. Ga bututun gas nan na ƙarfe, ya taho daga gaban gida ta saman bangon ɗakin, ya wuce daidai ƙarƙashin bakin injin, ya shige rami zuwa kicin. Ramin ma ba a toshe shi ba, tana hango hasken kicin ta ciki. Injin yana feso wa ƙarfen da bangon sanyi ba hutu, can ɗaya gefen kuma iskar damina ce mai ɗumi da laima.

"La'ilaha illallahu," ta ce. "Ashe kai ne. An fasa mini bango, an fasa mini rufi, an tayar da mijina daga kabari, ashe kai ne kana nan kana hura hanci."

Ta kira Bu Wagiyem ta nuna mata. Suka kwaɓa ɗan siminti suka toshe ramin bututun, suka naɗe bututun da tsohuwar robar tayar keke da tsummoki. Da safe bututun kam ya daina ɗiga, amma bangon siriri ne, sanyin ya riga ya ratsa shi. Gumin ya ragu, bai tafi ba. Magani ɗaya ne, kowa ya gani, a kashe injin.

"To ki gaya mata mana," in ji Bu Wagiyem.

"In gaya mata me? Cewa kusan shekara ina mata ƙarya? Cewa abin da ta saya mini da guminta ban taɓa amfana da shi ba? Ke kin taɓa mayar wa mutum kyautarsa?"

"Gaskiya kam da nauyi," in ji Bu Wagiyem da sauri. "Kar ma ki kashe. Wataƙila ya bushe da kansa."

Bu Ponirah ta galla mata harara. "Bangona kike tausayi ko kek ɗinki?"

Sau da yawa ta ɗauki waya za ta kira, sai ta ajiye. Ta shirya maganar a baki, da ta ga fuskar Tutik sai ta ɓuge da tambayar ko ta ci abinci. Ta ji haushin injin, ta ji haushin bango, ta ji haushin 'yarta mai kunna wa mutane sanyi daga wani gari, amma haushin kanta ya fi duka. Tsohuwa da furfura ta kasa buɗe baki ta ce wa 'yar cikinta "sanyi nake ji"!

Ranar Asabar da hantsi mota ta sauke Tutik a bakin lungu. Ta shigo da kwalaye a naɗe a hammata da gam na liƙewa. Ta sumbaci hannun uwarta, ko ruwa ba ta sha ba ta wuce kicin. Bu Ponirah ta riga ta goge bangon tun da ta ji tsayuwar motar, amma ina! Tutik ta shafa, ta juyo da tafin hannunta a jiƙe.

"Shi ke nan, Ibu. Ga rami, ga funfuna, ga bututun gas an naɗe da tayar keke. Wa ya yi wannan aikin?"

"Ai ya ragu, Nduk. Da kin ga yadda yake da."

"Ya ragu! Jira zan yi sai an kira ni an ce gida ya tashi da ke?"

Ta buɗe kwalaye ta liƙe gindinsu da gam, ta jera a falo, ta nufi ɗakin kwana don ta fara da tufafi. Bu Ponirah ta ce, "Tsaya in kawo miki shayi tukuna," amma ta riga ta tura ƙofar.

Sanyi ya bugo har falo. Tutik ta tsaya a bakin ƙofa. Katifa na nan da ledarta ta kanti. A kanta farantan kek ne jere, da alewar madara kala-kala, da kwandon latas, da ƙullin barkono. Ba matashi, ba zanen rufa. Ta daɗe tana kallo.

"Ibu, ina kike kwana?"

Bu Ponirah ta dubi tabarmar da ke naɗe a bayan talabijin. Tutik ta bi idonta.

"Tun yaushe?"

"Tun... ai na kwana ɗaya a ciki."

"Ɗaya?"

"Sanyi ne, Nduk. Shige ni yake. Kuma shi ne yake sa bangon gumi, ba gas ba. Dubi sama, ga bututun can a bakinsa. Ranar da aka ɗauke wuta bangon ya bushe ƙarau, Bu Wagiyem shaida ce."

"Kin sani? Kin sani kika bar ni ina ta kiran mutane, ba na barci? Me ya hana ki ce mini ba kya so?"

"Yo ta yaya zan ce? Kyauta ce fa."

"Ni 'yarki ce, Ibu, ba baƙuwa ba!" Ta nuna gadon da hannu. "Babana ya yi jinya a ɗakin nan yana ta gumi, ban iya yi masa komai ba. Kullum in na dawo aiki sai na buɗe waya na duba. In na ga injin yana aiki sai in ce Ibu na nan kwance cikin daɗi. Ashe kek ɗin Bu Wagiyem nake wa sai da safe!"

Bu Ponirah ta so ta yi dariya, ta so ta yi kuka, ta rasa wanda za ta fara. Tutik ta ciro waya ta latsa. Gurnanin ya tsaya. Gidan ya yi tsit, har ana jin mai sayar da miya yana buga kwanonsa a lungu.

Suka buɗe ƙofar ɗakin da tagoginsa, aka aika wa Bu Wagiyem ta zo ta kwashe kayanta. Ta shigo sumui-sumui, ta fita sumui-sumui, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Tutik ta ɗauko kujera ta zauna a kicin ta sa bangon a gaba, ta ce ita sai ta gani da idonta. Ta goge shi da kanta. Azahar ta yi, bai jiƙe ba. La'asar ta yi, ta shafa, ta kai hannun kumatunta, ta sake shafawa. Ta tashi ta fita, ta dawo da makullin Pak Marsudi.

Bu Ponirah ta bi ta bakin ƙofa, zuciyarta fes. Amma Tutik ta durƙusa gaban mita ta riƙe kwaɗon, ba ta buɗe ba.

"Gobe zan kira mutumin gas ya cire tayar keken nan ya sa abin da ya dace. Wannan an gama. Amma ki gaya mini gaskiya yau ɗaya, Ibu. Me kuma na aiko da ba kya so?"

"Babu."

"Ibu."

"Tukunyar lantarkin nan... tana gidan Bu Wagiyem. Takalman kuma suna matse ni."

Tutik ta rufe ido ta buɗe. "To Jakarta fa? Bar maganar bango. Duk sanda na ce ki dawo wurina sai ki ce 'in sha Allahu, Nduk, bari damina ta wuce.' Na gyara miki ɗaki, na yi masa fenti kore irin wanda kike so. Za ki zo, ko ba za ki zo ba?"

Amsar da Bu Ponirah ta saba bayarwa ta taho har bakinta, mai laushi, wadda ba ta ɓata wa kowa rai. Ta dubi 'yarta durƙushe a ƙasa da kayan ofis, ido jawur. Ta haɗiye amsar.

"Ba zan zo ba, Nduk. Ko bana, ko baɗi. Nan nake so in zauna, nan nake so in mutu."

Tutik ta gyaɗa kai a hankali. Ta sa makulli, kwaɗon ya buɗe, ta murɗa makunnin.

"Je ki kunna," ta ce, ba ta ɗago ba.

Bu Ponirah ta koma kicin ta murɗa murhu. Ya yi ƙyas-ƙyas, ya yi huci, sannan shuɗiyar wuta ta zagaye shi. Ta ɗora tukunya. Daga falo ta jiyo Tutik tana ɓare gam daga gindin kwalayen, tana ninke su ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya da ludayi a hannu, tukunya na zafi ba komai a ciki, ta rasa me za ta dafa.